Daga Kenya: kayan aikin tsaron namun daji, da abin da zai yi mana a Gadabeji

Kawu, ina gaisuwa da fatan an ga damina lafiya. Ga bayanin kayan aikin da masu kiyaye namun daji ke riƙe da su a nan Kenya, in an kwatanta da namu na Maradi, musamman gandun namun daji na Gadabeji da ke Dakoro.

Kyamarar tarko, wadda ke ɗaukar hoto da kanta idan dabba ta gifta, ita ce kayan da ya fi yawa. Ana ɗaure ta a jikin itace daidai gwiwa ko ƙugu, tana cin batir ƙanana 8 zuwa 12, kuma ana juya fuskarta arewa ko kudu don kada rana ta haske hoton. Sai an nome ciyawar gabanta, in ba haka ba iska kaɗai za ta cika katin da hotunan banza. Amma ga inda za ta ba mu wuya: idonta bambancin zafin jikin dabba da na wurin yake ji. A bazarar Dakoro, ƙasa ta haura digiri 40, barewa sai ta gifta da rana tsaka bai ji ta ba. Ƙurar hunturu kuma ta rufe gilashin. Wanda zai saya mana sai ya sa ta bakin ruwa, ya dogara da hotunan dare da na asuba.

Raƙumin dawa ba a sa masa na'urar bin sawu a wuya, zamewa take yi. A ƙaho ko a wutsiya ake maƙala ƙarama mai cajin rana. Kama shi ne haɗarin: likitan dabbobi ya harba allurar barci, ana kayar da shi da igiya a rufe ido, a toshe kunne, a ba da makarin nan take, don jinkirin ƴan mintoci na iya kashe shi. Da irin wannan kulawa aka ɗauko takwas daga yankin Kure zuwa Gadabeji a 2018, tafiyar sama da kilomita 800. A nan likitocin wannan aiki suna nan a shirye da motocinsu, mu kuwa da wuya a samu a kusa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne haƙƙin mai gona da makiyayi. Kenya ta hana farauta tun 1977, kuma dokarta ta 2013 ta yanke diyyar shilin miliyan 5 idan dabba ta kashe mutum. Kuɗin kan yi jinkiri har shekaru, mutane na kuka da haka, amma aƙalla akwai ƙofar da za a buga. A kewayen gandun daji na Masai Mara masu fili na karɓar kuɗin haya wata-wata don sun bar wa namun daji wuri. Manomin da raƙumin dawa ya cinye wa wake a wajenmu, wa zai kai wa kuka?

Masu gona kusa da giwaye na rataye amya duk mita 10, waya ta haɗa su. Giwa ta taɓa, ƙudan zuma su tashi, ta juya. Amya da waya duk akwai su a kasuwar Maradi.

Bishiya kam mun fi su sani. Sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma ya zama itace, da aka fara a gonakinmu a shekarun 1980, manoman nan yanzu suke koyonsa. A gaida Inna da yara.