Kayan gwajin pH na gaban mace, wanne ya kamata ki saya?

Da yawanmu da mun ji ƙaiƙayi ko mun ga ruwa na fita sai mu ce sanyi ne, mu wuce kemis a haɗa mana Flagyl da na matsawa ba tare da an duba komai ba. Yanzu kuma ga masu tallan kayan gwajin pH, wato ma'aunin tsami, sun cika WhatsApp, to kafin ki tura kuɗi ki tsaya ki san me za ki saya.

Gaban mace mai lafiya da ke shekarun haihuwa yana da ɗan tsami, pH ɗinsa tsakanin 3.8 ne zuwa 4.5, wasu ƙwayoyi masu amfani da ake kira Lactobacillus ne ke samar da tsamin nan kuma shi ke hana miyagun ƙwayoyi sakewa. In lamba ta haura 4.5 to tsami ya ja baya.

Mafi araha ita ce takardar nan mai awo daga 1 zuwa 14, irin ta ɗakin gwajin makaranta. Ki bar ta, kalar 4 da ta 5 kusan ɗaya suke a ido, alhali a nan tsakanin duk maganar take. Ta gwajin fitsari ma ba aikinta ba ne.

Wadda ni na fi so ita ce takardar da aka yi musamman don wannan, awonta gajere ne, wajen 4 zuwa 7, da jadawalin kala a jikin kwalin. Ki wanke hannu, ki ɗan shafo ruwan daga bangon ciki da tsinken auduga ki goga a takardar, sai ki kwatanta a wajen haske ba da fitilar waya ba. Tana zuwa da yawa kuma lamba take ba ki.

Akwai kuma mai tsinke irin Canestest, kansa rawaya ne, in pH ya hau sai ya koma kore ko shuɗi. Ba wahalar karantawa amma da tsada, kuma sau ɗaya ya gama aiki.

Abin da masu tallan ba sa faɗa, duk cikin kayan gwajin nan ba wanda ke gano ciwon yis, wato farin abu mai guda-guda kamar kindirmon da ya tsinke ga ƙaiƙayi kamar ki yi kuka, shi galibi pH na nan daidai. Mai ruwa tsararo da ƙarni kamar kifi, BV kenan, wato miyagun ƙwayoyi sun rinjayi masu amfani, yana ɗaga pH, tirikomonas ma haka, wani ciwo ne da ake ɗauka ta saduwa, takarda ba za ta raba miki su ba, kuma shi tirikomonas sai an yi wa maigida magani shi ma. Nan dole sai asibiti a ɗebi ruwan a duba a madubin likita, shi ne HVS ɗin da ake rubutawa.

Kar ki gwada kina al'ada ko bayan kwanciya da maigida, jini da maniyyi duk sun haura 7, za su ba ki lambar ƙarya, haka in kin yi matsi ko kin wanke ciki da sabulu. Ki bari a yi kwana biyu. Iyayenmu da al'ada ta ɗauke musu dama tasu lambar a sama take. Mai ciki kuwa, ko mai ciwon mara da zazzaɓi, kuɗin takardar ta yi kuɗin mota da shi ta je asibiti.