Kafson glucosamine na ciwon gwiwa bai kai kuɗinsa ba

Duk kyamis ɗin da ka shiga a Agege ta Legas ka ce gwiwar tsohuwa na ciwo, kafin ka rufe baki an miƙo maka kwalbar glucosamine da chondroitin, wai yana gina guringuntsi. Na saya wa Hajiyarmu, wadda amosanin gaɓɓai ya kama wa gwiwa har ta koma sallah a kan kujera. Akwai lambar NAFDAC a jiki, ba jabu ba ne. Sai dai ƙwayar ƙatuwa ce, da ƙyar take haɗiye ta, ga shi kullum ake sha, wata da watanni.

Da farko ta ce: "Wallahi yaro, na ji dama-dama." Ban musa mata ba. Amma a 2006 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka mai suna GAIT, da aka yi da mutum 1,583 masu irin ciwonta, na tsawon mako 24. Wasu an ba su maganin, wasu an ba su ƙwayar da babu komai a ciki, ba wanda ya san wacce ya sha. Cikin masu shan ƙwayar banzar, kusan kashi 60 cikin 100 sun ce ciwo ya ragu! Masu shan haɗin biyun kashi 67 ne, tazarar da masu binciken ba su ɗauke ta hujja ba. Ciwon gwiwa dama haka yake, yau ya tashi, gobe ya lafa, sai a yaba wa abin da aka sha jiya.

Da damina ta kankama, gwiwar ta koma gidan jiya. Likitan ƙashi ya mayar da ita kan man shafawa na diclofenac da motsa tsokar cinya. Man shafawar kam gwaje-gwaje sun nuna yana rage ciwon gwiwa, kuma kaɗan ne ke shiga jini, abin da ya dace da mai olsa irin ta. Bai warkar da ita ba, har yanzu hawa gadar Oshodi ya fi ƙarfinta, amma tana zagaya tsakar gida ba dogarawa.

Maƙwabciyarta na ta zuga ta kan allurar gwiwa. A wani gwaji na 2017, waɗanda aka yi wa allurar triamcinolone, maganin rage kumburi, a gwiwa duk wata uku har shekara biyu sun fi rasa guringuntsi, ciwon kuma bai fi na masu allurar ruwan gishiri raguwa ba. Na ce wa Hajiya ta dakata tukuna, sai likita ya duba hoton gwiwar.