'Yan sanda ko mai bincike mai zaman kansa: wa za a nema idan mutum ya ɓata a babban birni?

'Yar'uwa, Allah Ya bayyana ƙanin naki cikin ƙoshin lafiya. Kin ce ya tafi babban birni neman aiki, yau mako biyu wayarsa a kashe, kuma wani ya ba ku shawarar ku ƙyale 'yan sanda ku ɗauki hayar mai bincike mai zaman kansa. Kina tambaya wanne ya fi. Ni dai shawarata ku kai rahoto ga 'yan sanda yau, kada ku kwana. Mai binciken ƙari ne a kan aikinsu, ba ya maye gurbinsu.

Abin da ya raba su na farko shi ne iko. Ɗan sanda na iya samo izinin kotu, kamfanin waya ya nuna masa yankin da layin ya yi aiki na ƙarshe, banki ya nuna inda aka cire kuɗi da katinsa. Yana iya duba ko yaron na tsare a wani ofishinsu, ko yana kwance a asibiti ba a san sunansa ba, har ɗakin ajiye gawa, Allah Ya kiyaye. In ana zaton ya tsallaka iyaka, ta hannunsu kaɗai ake fitar da sanarwar cigiya ta Interpol, hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, wadda ake kira sanarwa mai ruwan ɗorawa. Shi kuwa mai bincike, ikonsa a gaban doka bai wuce naki ba. Ba ya shiga gidan kowa sai da yardar mai gida, ba ya tilasta wa kowa magana. Duk wanda ya ce miki yana da hanyar samo jerin kiran wayar yaron a ɓoye, ki guje shi. A Amurka sai da aka kafa doka ta musamman a kan haka bayan abin kunyar kamfanin Hewlett-Packard na 2006, inda masu binciken da aka ɗauka suka riƙa yin sojan gona suna karɓar bayanan wayar mutane.

Kuma maganar nan da ake yaɗawa cewa sai an jira awa 24 kafin a kai rahoto, a Amurka da Ingila ba ta da tushe, 'yan sandan kansu cewa suke a zo da wuri. Jinkiri na da illa, domin kyamarorin shaguna da tashoshi suna goge tsohon hoto su ɗora sabo bayan 'yan kwanaki ko makonni. Mako biyu ya riga ya yi yawa.

Inda mai bincike ya yi wa ɗan sanda zarra shi ne lokaci. Jami'i ɗaya a babban birni yana riƙe da tarin ƙararraki, kuma baligi mai lafiya da babu alamar an cutar da shi, sau da yawa a baya ake sa maganarsa. Mai binciken da kuka biya, maganarku ce a gabansa. Zai je masaukin da yaron ya kwana na ƙarshe, ya zauna da maigadi, ya nuna masa hoto, ya tambayi wa ya saba zuwa wurinsa, da ranar da aka daina ganin takalmansa a ƙofar ɗaki. In maigadin rana bai sani ba, zai dawo da dare ya tarar da na dare. Daga nan sai wurin da ya nemi aiki, sai mai cajin waya a bakin titi. Kuma akwai mutanen da ba za su taɓa buɗe baki a gaban kaki ba, musamman baƙi masu aiki ba takardu, amma su saki jiki da mutum mai kayan gida. Wannan tattaki shi ne ainihin abin da kuke biya.

Sai dai sana'ar ta daɗe tana tara nagari da mugu. Eugène Vidocq, wanda ya buɗe ɗaya daga cikin ofisoshin farko na irin wannan aiki a birnin Paris a 1833, tsohon fursuna ne. Har yau yawancin jihohin Amurka ne ke neman lasisi, a Ingila kuwa ba a tilasta shi ba. Don haka ki binciki abin da dokar ƙasar ta ce, ki nemi yarjejeniya a rubuce da rahoto a kai a kai, kada a biya kuɗi duka tun farko. Wanda ya rantse miki sai ya samo shi cikin kwana kaza, damuwarku yake son ci.

Akwai kuma magana mai nauyi da ya kamata ki shirya mata. Baligi yana da 'yancin yanke hulɗa da kowa. A ƙasashe da dama in 'yan sanda suka same shi lafiya ya ce kada a faɗi inda yake, iyakar abin da za su gaya muku shi ne yana raye. Mai bincike mai mutunci ma haka zai yi: ya kai saƙonku, ya dawo da amsa. Kada ki ji haushi in ya tsare ki da tambayoyi kan wace ce ke a wurinsa da dalilin nemansa. A 1989 wani mutum ya kashe 'yar wasan kwaikwayo Rebecca Schaeffer a ƙofar gidanta a Los Angeles, kuma mai bincike ne ya samo masa adireshinta daga ofishin rajistar motoci. Wannan na cikin abin da ya jawo dokar kare bayanan direbobi ta 1994 a Amurka.

In kun yanke shawarar ɗaukar mai bincike bayan rahoton, ku ba shi lambar ƙarar da sunan jami'in da ke riƙe da ita, da sharaɗin duk abin da ya gano ya miƙa masa. Dukansu biyu za su buƙaci hoton yaron na kwanan nan, lambobin wayarsa, sunan bankinsa, tabo ko wata alama a jikinsa, maganin da yake sha in akwai, da saƙonsa na ƙarshe. In za ku yi cigiya a Facebook, ku sa lambar ofishin 'yan sandan maimakon taku, domin 'yan damfara na bin irin waɗannan sanarwa su bugo su ce yaron na hannunsu.