FreeIPA, OpenLDAP, Samba ko NIS, wanne za ka ɗora wa ofishinka?

Tambayar da ake yawan yi min ke nan, kana da kwamfutocin Linux ashirin ko talatin a ofis ko lab ɗin makaranta, kana so kowa ya shiga da suna ɗaya da fasword ɗaya a kowace na'ura, wanne za ka zaɓa cikin waɗannan manhajoji huɗu masu ajiye sunaye da fasword ɗin kowa a saba ɗaya? Ni dai FreeIPA nake ba kowa shawara.

NIS kam a bar maganarsa, tsohon kayan Sun Microsystems ne, Red Hat ma ta cire sabarsa daga RHEL 9. Samba sai in yawancin na'urorinka Windows ne. OpenLDAP yana nan tun 1998 kuma yana aiki, amma komai da hannu za ka haɗa, Kerberos mai tantance masu shiga daban, satifiket mai tabbatar da cewa sabar ta gaskiya ce daban, irin wannan haɗin ne ya taɓa ba ni wahalar da har yau ban manta ba.

Wata Litinin ce da safe, an ɗauke wuta tun Asabar, inbata ta mutu, da aka tada janareto sabar ta tashi amma ba wanda ya iya shiga, ma'aikata sun cika bakin ƙofa suna jira na. Na duba waya, na duba DNS mai fassara sunan na'ura zuwa adireshinta, na bi log, wato bayanan da sabar take rubutawa, nan da can har azahar, ashe batirin CMOS, ɗan ƙaramin batirin da yake riƙe agogon kwamfuta in ba wuta, shi ne ya mutu agogon sabar ya koma shekarun baya, shi kuwa Kerberos in bambancin agogo ya wuce minti 5 ba ya yarda da kai. Da na fara buga kinit, umarnin shiga Kerberos, da tuni ya faɗa min "Clock skew too great", wato bambancin agogo ya yi yawa. Batiri CR2032 guda ɗaya da chrony mai daidaita agogo suka gama maganar.

To shi FreeIPA abin da ya sa nake son sa, 389 Directory Server mai ajiye sunaye da MIT Kerberos da DNS da Dogtag mai ba da satifiket duk a haɗe suke, umarnin ipactl status kawai zai nuna maka wanda ya faɗi. A na'urorin ma'aikata kuma SSSD ne yake haɗa su da sabar, in ka kunna cache_credentials duk wanda ya taɓa shiga zai iya sake shiga ko sabar tana kashe, a garin da wuta take zuwa ta tafi wannan ba ƙaramin abu ba ne. In an samu matsala ka buga id da sunan mutum, ka leƙa /var/log/sssd, yawanci nan za ka ga bakin zaren. Shi FreeIPA ka ba shi RAM ko da 4GB ne, ka yi masa sabar ta biyu.

Amma don Allah ku yi hattara da masu gyaran gaggawa. Wani zai zo satifiket ya ƙare, maimakon ya sabunta sai ya rubuta ldap_tls_reqcert = never, ya kashe SELinux mai tsaron na'urar, kowa ya shiga a yi ta sa masa albarka ya karɓi kuɗinsa ya wuce, alhali yanzu na'urorinka sun daina tantance sabar, duk wanda ya kafa ta bogi a netwok ɗin zai iya kwashe fasword ɗin mutane. Akwai masu cewa ka biya kuɗin lasisin FreeIPA, ƙarya ne kyauta yake, kuɗin aiki kawai za ka biya. Masu sayar da sabar tokunbo ma haka, kafin ka biya a cire ta daga wuta ta kwana, da safe ka shiga BIOS ka duba agogo da idonka. Kuma kar ka sallami mai haɗa maka sai ya miƙa maka fasword ɗin Directory Manager, wato babban asusun da yake iko da bayanan sabar, a rubuce, ya yi ipa-backup mai ajiye kwafin bayanan a gabanka.