Labarin rashi: a karanta ko a saurara?

A Bauchi yanzu, labarin iyalin da aka yi wa rasuwa, irin na littattafan Hausa, yana iso mana ta hanya biyu: ko ka sayi littafin a Kasuwar Wunti, ko ka saurare shi a waya ana karantawa a YouTube.

Sauraro ya fi saurin kawo ƙwalla. Idan mai karatu ta zo inda aka fito da gawar maigida, ta sassauta murya ta ce Innalillahi, sai ka ji kamar a zauren gidanku ake zaman makoki. Ga sauƙi kuma: uwa tana tuƙa tuwo tana ji, wadda ba ta yi boko ba ma ta samu rabonta. Sai dai muryar ba ta jiranka. Kafin ka haɗiye kukan, an kai wajen rabon gado.

Ni takarda na fi so. Za ka ajiye yatsa a shafin, ka tuna naka mamatan, ka yi musu addu'a, sannan ka koma inda marainiya ke tambayar yayanta ko Allah yana jin kukansu. Tambayar nan tana buƙatar natsuwa, amma a waya sau da yawa talla ce ke katse ta.