Famfon insulin mai fuskar taɓawa ko mai maɓalli: wanne ya fi dacewa da ƙauye?

Malam, tambayarka ita ce: ɗanka mai ciwon suga nau'i na ɗaya zai samu famfon insulin, wato 'yar na'urar da ke tura masa insulin cikin jiki dare da rana ta siririn tiyo, daga wani ɗan uwa da ke waje, an ba ku zaɓi tsakanin mai fuskar taɓawa da ake caji kamar waya da kuma mai maɓalli da ke cin batir, ga shi kuna wani ƙauye a wajen Gumel inda wutar NEPA sai ta ga dama. Allah ya ba yaro lafiya. Ga yadda muke kallon su biyun.

Batirin da ke haska fuskar na'urar shi ne dai yake juya ɗan injin da ke tura insulin cikin jiki. Shi ya sa masu ƙera ta suke yi wa hasken rowa, fuskar ta mutu da kanta bayan 'yan daƙiƙu. Ba lalacewa ba ce, kuma famfon na ci gaba da aiki a duhun. Insulin mai saurin aiki kaɗai ake zubawa ciki, don haka in batir ya ƙare ba a sani ba, cikin 'yan awanni suga zai hau, jini ya fara tsami, har a kai ga amai da fita hayyaci.

Mai caji, misalinsa t:slim X2 na kamfanin Tandem. Fuskarsa mai launi ce, rubutu ya fito raɗau, kuma ana buga adadin insulin kai tsaye kamar lambar waya. Kafin ya buɗe sai an taɓa 1, 2, 3 a jere, don kada aljihu ya ba da umarni. Ana iya saita fuskar ta mutu bayan daƙiƙa 15, 30, 60 ko 120. A bar ta a 30, ko 15 in hannun yaro ya saba. Caji ɗaya kan kai kwana biyar zuwa bakwai, gwargwadon ko an haɗa shi da na'urar auna suga ta jikin fata. Amma ga inda gizo ke saƙar: ba a ajiye shi a shagon mai caji a tafi gona a dawo da yamma, domin tiyon da insulin ke bi na manne da cikin yaro. Sai dai yaron ya zauna kan benci kusa da soket, janareta na ƙara a kunnensa, har ya samu abin da ya samu. Wanda ke da ƙaramar sola da fawa bank a gida ya huta, minti goma zuwa sha biyar kullum ya wadatar. Sannan fuskar taɓawa ba ta jituwa da jiƙaƙƙen yatsa. An idar da alwala, ko gumin Afrilu na tsiyaya, ka danna nan ta ƙi ji. A goge hannu tukuna.

Mai maɓalli, misalinsa MiniMed 780G na Medtronic. Shi ma fuskarsa mai launi ce, amma da maɓallai ake yawo cikinta, kuma batir AA guda ɗaya yake ci, girman na ƙaramin rediyo. Ya fi jan lokaci, sai an yi ta danna sama ana ƙara adadi kaɗan-kaɗan. Wannan jinkirin mu ba ma ganin sa aibi, domin yana ba mutum damar duba abin da yake yi, kuma maɓalli ba ruwansa da gumi ko faskararren yatsan hunturu. Ana rage ƙarfin hasken ko a bar shi ya daidaita kansa, kuma ana zaɓar lokacin mutuwarsa daga daƙiƙa 15 zuwa minti uku. Batirin alkalin kan yi mako ɗaya zuwa biyu, na litiyam ya fi haka. Tarkon a nan shi ne batirin tebur mai araha da ake sa wa tocila, wanda aka yi da zink da gawayi: ba a sa shi a famfo, ƙarfinsa ba ya daɗewa. A sayi mai rubutun alkalin a jikinsa daga amintaccen kanti a Kano ko Dutse, a tanadi kamar guda shida a wuri mai sanyi-sanyi. Lokacin canjin batir insulin na tsayawa, kuma in aka wuce minti goma babu batir, mai yiwuwa sai an sake saita agogo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda da agogon famfon ke sanin nawa zai tura da asuba, nawa da rana. A ɓare sabon a riƙe kafin a kwance murfin.

Wajen rana kuwa dukansu a kwale-kwale ɗaya suke. Fuska mai launi da hasken bayanta take dogara, kuma ranar azahar ta Jigawa ta fi ƙarfin wannan hasken. Tsofaffin famfuna masu baƙin rubutu irin na kalkuleta sun fi su a nan, don hasken rana ne ma ke fito da rubutun. Haɗarin yana wurin ɗigo: 1.0 da 10 ɗan ɗigo ne tsakaninsu, amma ninki goma ne a jiki. Kada a tabbatar da adadi ana ƙifta ido a tsakar gida. A shiga zaure ko a kare fuskar da tafin hannu, a karanta a bayyane, sannan a danna. Likita kuma ya saita iyakar abin da famfon zai yarda ya tura a karo ɗaya. Inuwar na da wani amfanin: insulin da ya sha zafi sama da digiri 37 zubar da shi ake yi, saboda haka famfon ya zauna ƙarƙashin riga.

Akwai na uku da ya kamata ku tambayi ɗan uwan naku, YpsoPump na ƙasar Suwizalan. Fuskarsa farin zane ce a kan baƙi, irin wadda kowane ɗigo ke ba da haskensa, baƙin wurin kuma kusan ba ya cin komai, shi ya sa batir AAA ɗaya, irin na rimot, ke kai shi wajen wata guda. Hotuna ne a jikinsa maimakon rubutu, abin da zai taimaki uwar da ba ta karanta Turanci. Sai dai yunit 160 na insulin yake ɗauka, waɗancan biyun 300.

In babu sola a gidan, mu mai maɓalli da batir za mu ɗauka. In akwai ta, kuma yaron ya ƙware a waya, mai caji ba laifi. Ko wanne ne, a tabbatar suga na fitowa da ma'auni ɗaya da mitarku ta gida, domin mg/dL da mmol/L ninki 18 ne tsakaninsu. A kuma ji daga ɗan uwan ko zai iya aiko da allurar fata da kwalbar insulin ɗin famfon ba yankewa, tunda duk kwana biyu zuwa uku ake canza su. Kafin a manna shi, a kai wa likitan suga da ke duba yaron, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya saita adadin, ya kuma rubuta muku nawa za a yi da allurar hannu ranar da fuskar ta ƙi kunnuwa.