Takardar auduga ko ta itace, ga mai koyon fentin ruwa

Mai koyon zane da fentin ruwa yakan zuba kuɗinsa a kan fenti da buroshi, ya manta da takarda, alhali a kanta aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci.

Takardar zallar auduga, irin ta Arches da ake yi a Faransa tun 1492, tana shan ruwa a hankali, ta daɗe da danshi. Ka jiƙa ta, ka ɗiga shuɗi, sai ka ga launin yana bazuwa sannu sannu kamar hadari, kana da lokacin ƙara wani kafin ya bushe. In ya bushe, kana iya shafa launi na biyu da na uku a kai ba tare da na ƙasa ya tashi ba. Tsadarta kawai ce ke sa hannun sabon shiga rawa, ya kasa sakin jiki.

Ta itace kuwa tana da araha, amma ruwa kan tsaya a samanta ya bushe wuri-wuri, ya bar tabo mai kaifin baki a tsakiyar sararin samaniyar da ka sha wahalar yi. Ka goga da ƙarfi, sai ta fara ɓarɓashi. Tana da nata amfanin dai: goge launi a kanta ba wuya.

Ni da ta itace nake gwajin haɗa launi, zanen da nake so in ajiye kuma a kan auduga. Kowacce ka ɗauka, nemi mai kauri, wadda nauyinta ya kai giram 300 a kowane murabba'in mita, don siririya tana jin ruwa take lanƙwashewa.